Wayar ’Yar Kasuwar Guro da Shari’o’in da Suka Haife Ta

Kasuwar Guro ta Adjamé ba ta jiran gari ya waye. Tun tsakar dare manyan motoci ke shigowa Abijan daga tsakiyar yammacin Kodebuwa, daga wajajen Bouaflé da Zuénoula da Sinfra, maƙare da ayabar suya da rogo da doya da gauta da kuɓewa da attaruhu da tumatir. Kafin a kira assalatu an ci rabin sauke kaya. ’Yan dako na gudu da kura, ’yan matan da ake kira “tanti bagaj” na bin masu cefane da manyan robobi a ka, ƙasa kuma ta yi santsi da ɓawon ayaba da ruwan tumatir, sai mutum ya riƙa duban inda zai sa ƙafa. Kasuwar ta mata ce. Matan ƙabilar Guro ne suka kafa ta tun shekarun 1970, suka haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya, suna ɗaukar shatar mota tare, suna zuwa har bakin gona su sayo, su kawo wa birnin da ya haura mutum miliyan 5 abin sawa a tukunya. Tana da ’yar’uwa a Treichville, a tsallaken ruwa.

Ni zumunci ne ya kai ni. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe a can yana sana’ar albasa, irin ta Galmi da ake lodi daga Nijar ta ratso Burkina Faso har bakin teku. Hausawa ba baƙi ba ne a Abijan. Ga masu albasa, ga masu gasa nama a bakin titi, ga masu sayar da garin rogo da soyayyen kifi, abincin da ’yan Nijar suka yi suna a kansa har ya ɗauki sunan Garba. A rumfar kawu lissafi da dala da jaka ake yi, kamar a Maraɗi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a kasuwar nan waya ce. Kusan kowace mai kaya tana da tata, a ƙulle a bakin zane ko a cikin lalita. Ba su cika rubutu ba, saƙon murya suke turawa ta WhatsApp, da Guranci ko Julanci ko Faransancin kasuwa: a tambayi direba ya wuce Yamoussoukro ko bai wuce ba, a gaya wa manomi farashin tumatir na yau, a tura kuɗi ta Wave ko Orange Money ko MTN ko Moov. Kayan gwari ba ya jira. Motar da ta makara da kwana ɗaya asara ce, saboda haka waya a nan jari ce kamar buhu da sikeli.

Wata safiya wayar kawu ta ƙi tashi, ta tsaya cak a kan tambarin farko. Muka taka zuwa kasuwar wayoyi ta Adjamé da kowa ke kira Black Market, inda Tecno da itel da Infinix da Samsung ke jere a gilasai, sababbi da na hannu. Kawu yana da yaron da yake kai wa gyara, Bahaushe haifaffen Abijan, Hausarsa da ɗan gishirin Faransanci. Ya jujjuya ta, ya ce, “Baba, ba allo ba ne, ba batir ba ne. Sai an yi mata filashin.” Ya jona ta da tsohuwar kwamfutarsa, ya goge abin da ke ciki, ya zuba sabo. Na tambaye shi daga ina yake samo abin da yake zubawa. Ya ce, “Yaya, a intanet. Wani ya ciro daga waya irinta ya ɗora, mu kuma mu sauko. Wani lokaci ya hau, wani lokaci ya kashe wayar gaba ɗaya.”

Da wayar ta farfaɗo na karɓa, na shiga saituna, na gangara can ƙasa inda ake bayanin wayar, na buɗe masa shafin bayanan shari’a. Rubutu ne zube, shafi bayan shafi, da ƙananan haruffa. Ya ce yana ganinsa kullum, bai taɓa sanin yana da amfani ba. Na ce masa a cikin rubutun nan akwai tarihin rigimar shekara hamsin, kuma da rigimar ta ƙare ta wata fuska, da wuya wayar jaka talatin ko arba’in ta zo hannun mai sayar da gauta.

Kowace waya da kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke farkawa da zarar an kunna, ta raba wa sauran manhajoji aiki, ta yi magana da allo da batir da kyamara. A yawancin wayoyin matan nan ita ce Android, a can ƙarƙashin Android kuma akwai wata ƙwaya da ake kira Linux. Irin waɗannan ake ce wa masu ’yanci, domin kowa na da damar ganin asalin rubutun da aka gina su da shi, ya gyara, ya kwafa, ya ba wani. Wannan dama ba kirkin wasu bayin Allah kaɗai ya samar da ita ba. Takardun lasisi da hukuncin alƙalai ne suka yi mata hanya, wani lokaci ma ba da nufin masu su ba.

Farkon abin a 1956 ne, lokacin da gwamnatin Amurka ta yi sulhu da kamfanin tarho na AT&T a shari’ar babakere. Aka bar masa harkar tarho, aka hana shi shiga wasu kasuwanci. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1969, Ken Thompson da Dennis Ritchie, ma’aikatan ɗakin binciken kamfanin na Bell Labs, suka ƙirƙiro uwar manhajar Unix. Kamfanin ya ga yana riƙe da kaya mai daraja amma doka ta ɗaure masa hannu, sai ya riƙa ba jami’o’i a kan kuɗi kaɗan, tare da asalin rubutun. Jami’ar California da ke Berkeley ta karɓi nata a 1974. Ɗalibai da malamai suka duƙufa gyara da ƙari, har wani ɗalibi, Bill Joy, ya fara rarraba nasu tarin gyare-gyaren da sunan BSD. A Ostireliya kuma wani malami, John Lions, ya rubuta sharhin Unix layi-layi don ɗalibansa.

Sai kamfanin ya fara janye hannu. Lasisin da ya fitar a 1979 ya hana a koyar da rubutun a aji, littafin Lions ya koma yawo a ɓoye, ɗalibi na kwafa wa ɗalibi, ba a buga shi a sarari ba sai 1996. A 1984 aka tarwatsa AT&T, tsohon takunkumin ya faɗi, Unix ta zama hajar sayarwa, kuɗin lasisin rubutunta ya haura dubban daloli masu yawa. Wannan rufe ƙofa shi ya haifi kusan duk abin da ya biyo baya. A Amsterdam, Andrew Tanenbaum ya rasa abin koyarwa, ya zauna ya rubuta tasa ƙaramar uwar manhajar, Minix, ya fitar a 1987. A Amurka Richard Stallman ya shelanta a 1983 cewa zai gina madadin Unix mai suna GNU, wanda ba wanda zai iya kullewa. Ya gane cewa sakin abu kawai bai isa ba, domin mai ƙarfi zai ɗauka ya rufe. Sai ya ɗauki dokar haƙƙin mallaka, wadda da ita ake kullewa, ya rubuta lasisin GPL da ita, a 1989, aka sabunta a 1991. Sharaɗinsa shi ne: ɗauki, gyara, sayar in ka so, amma duk wanda ka miƙa wa, ka miƙa masa asalin rubutun da irin damar da kai ma ka samu. Mu da muka san rijiyar waƙafi ba za mu sha wuyar gane wannan ba. Kowa ya ɗiba, mai ga-ruwa ma ya sayar da abin da ya ja, amma ba mai kewaye ta da katanga ya ce ta gidansu ce.

Mutanen Berkeley wata hanya suka bi. Keith Bostic da abokan aikinsa suka bi rubutunsu fayil bayan fayil suna cire duk abin da ke na AT&T, ’yan sa-kai suna rubuta madadinsa. A 1991 suka saki abin da suka kira Net/2, uwar manhaja kusan cikakkiya, fayil shida kawai suka rage. Bill Jolitz da matarsa Lynne suka cike giɓin don kwamfutocin gida masu arha, wani ƙaramin kamfani mai suna BSDi kuma ya fara sayar da nasa a kan dala 995, har ya sa kalmar Unix a lambar tarhonsa ta talla. A 1992 reshen AT&T mai kula da Unix, wato USL, ya maka BSDi a kotun tarayya a New Jersey, daga baya ya haɗa da jami’ar. Alƙali Dickinson Debevoise ya ƙi ba da umarnin dakatar da rarrabawa, yana ganin AT&T da kansa ya taɓa baza tsohon rubutun ba tare da alamar haƙƙin mallaka ba. Nan reshe ya juye da mujiya: jami’ar ta shigar da tata ƙarar a California, ta ce AT&T ya kwashi rubutun Berkeley ya zuba a hajarsa ya goge sunan masu shi. Kamfanin Novell ya sayi USL a 1993, aka yi sulhu a farkon 1994. Cikin fayil kusan 18,000, uku aka cire, aka ƙara alamar mallaka a kan wajen 70.

Fayil uku. Amma shekara biyun da aka yi ana shari’ar sun yi tsada. Duk mai son gina kasuwanci ko ba da lokacinsa a kan BSD sai ya tsaya ya yi tunanin ko gobe kotu za ta ce haramtacce ne. A daidai wannan tsakani wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, wanda ya koyi aikin a kan Minix, ya riga ya saki tasa ƙwayar a 1991, rubutacciya daga tushe, ba layin AT&T ko ɗaya. Da farko lasisinsa ya hana a karɓi kuɗi a kanta, wanda da ya ɗore da ba mai shagon da zai taɓa ta. A farkon 1992 ya mayar da ita ƙarƙashin GPL. Aka haɗa ta da kayan aikin GNU, nau’o’in Linux irin su Slackware da Debian suka fito a 1993, kafin ƙurar kotun New Jersey ta lafa jama’a sun riga sun yi dandazo a wajen Linux. Ba zan ce shari’ar kaɗai ta yi wannan ba, domin yadda Torvalds ke karɓar gyara daga kowa ya taimaka ƙwarai, kuma mutanen BSD sun yi ta rabuwa a tsakaninsu. Amma shi kansa ya taɓa cewa da BSD ta kwamfutocin gida tana nan lokacin da ya fara, da wataƙila bai rubuta Linux ba.

BSD ba ta mutu ba. Lasisinta mai sauƙi ne, ba ya tilasta wa kowa mayar da komai, shi ya sa Apple ya ɗibi sassanta ya gina uwar manhajar iPhone, Sony ya gina ta PlayStation. WhatsApp ɗin da matan Guro ke aika murya da shi, shekarunsa na farko a kan FreeBSD injinansa suka yi aiki, har Jan Koum, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya ba gidauniyar FreeBSD dala miliyan 1 a 2014.

Ita ma Linux ta sha nata sammacin. A 2003 kamfanin SCO na jihar Utah ya kai IBM ƙara yana neman dala biliyan 1, wai an saci rubutun Unix an zuba a Linux, ya kuma nemi masu amfani da ita su biya shi dala 699 a kan kowace na’ura. A 2007 alƙali ya ce haƙƙin Unix ɗin ma na Novell ne, ba na SCO ba, aka tabbatar da haka a 2010, ragowar shari’ar ba ta rufu ba sai 2021. Abin da ya rage na alheri daga wannan wahala shi ne, tun 2004 duk mai ƙara layi a Linux sai ya sa sunansa ya shaida cewa yana da ikon bayarwa. Ita kuwa Android, Oracle ya kai mai ita, Google, ƙara a kanta a 2010 yana neman kusan dala biliyan 9 saboda layuka wajen 11,500 na manhajar Java, sai a Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya, alƙalai shida a kan biyu. Microsoft ya yi shekaru yana karɓar kuɗin haƙƙin ƙirƙira daga masu ƙera wayoyin Android. Takardun kotu sun nuna Samsung kaɗai ya biya shi wajen dala biliyan 1 a shekarar 2013. Irin wannan kuɗi, komai nisan inda aka yanke shi, daga aljihun mai sayen waya yake fitowa, kuma ya fi ciwo a kan mai sayen mafi arha.

Da na tsallaka gadar Houphouët-Boigny zuwa Treichville, na zauna a shagon buga takardu na wani ɗan’uwan kawu, kusa da kasuwa. Kwamfutocinsa tsofaffi ne, saukar Turai, kuma kamar yawancin shagunanmu na Kano da Katsina, ba wanda ya tambayi lasisin abin da ke kansu. Amma a Abijan akwai matasan da suka ɗauki maganar da muhimmanci. Suna da ƙungiyar masu Linux da manhajoji masu ’yanci, AI3L. Akwai kuma masu haɗa kwamfutar da ake kira Jerry, wadda aka faro a Faransa ta sami gindin zama a Kodebuwa: a tsinto sassan matattun kwamfutoci, a jera su cikin jarkar roba, a zuba musu Emmabuntüs, wani nau’in Linux da aka tsara don tsofaffin injuna. Yaron da ya haɗa irin wannan bai saci komai ba, ba ya tsoron kowa, kuma yana iya buɗe cikinta ya koyi yadda take aiki. Wannan ita ce damar da aka ƙwace wa ɗaliban John Lions a 1979.

Kowane lungu na Treichville akwai rumfar tura kuɗi mai launin ruwan lemo, ta Orange. Uwar kamfanin da ke Faransa ta taɓa gamuwa da GPL a kotu. Wani ƙaramin kamfanin haɗin gwiwa, Entr’ouvert, ya kai ta ƙara a 2011 saboda ta yi amfani da manhajarsa Lasso ba tare da cika sharuɗɗan lasisin ba. Aka yi ta hawa da sauka har kotun ƙoli, a Fabrairun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta umarci Orange ta biya diyyar da ta haura yuro 600,000. Tun kafin nan, a 2004, wata kotu a Munich ta Jamus ta tabbatar da ƙarfin GPL a ƙarar da Harald Welte ya shigar. A 2003 kuma matsin lamba ya sa Linksys ya saki rubutun na’urarsa ta rarraba intanet, daga nan aka sami OpenWrt, wadda ake farfaɗo da irin waɗannan na’urori da ita har yau. Takardar tana da haƙori, in an sami mai bin kadinta.

A nan ne zuciyata ta koma kan yaron Black Market. ’Yancin da ake magana bai iso hannunsa cikakke ba. Ƙwayar Linux ce ke ƙarƙashin GPL. Yawancin sauran Android lasisi mai sauƙi gare shi, mai ƙera waya na iya gyarawa ya rufe. Play Store da Maps da YouTube kuma na Google ne zalla, sai da yarjejeniya ake saka su. Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34 a 2018 saboda sharuɗɗan da ya ɗaura wa masu ƙera waya a wannan yarjejeniya. A 2019, da Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, kamfanin ya rasa manhajojin Google, amma ɓangaren Android mai ’yanci bai kuɓuce masa ba. Nan kowa ya ga inda iyakar take. Ko ƙwayar ma, wadda lasisi ya wajabta a ba mai saye asalin rubutunta, ko a ba shi rubutaccen alkawarin bayarwa na aƙalla shekara uku, ba kowane mai ƙera wayar arha ke damuwa da cikawa ba, musamman a kasuwannin da ya san ba mai tambaya. Sai wayar da jikinta lafiya lau ta zama shara bayan ’yan shekaru don an daina sabunta ta, mai gyara kuma yana laluben rubutun da bai san asalinsa ba, yana zuba shi a wayar da mace ke ajiye jarinta a ciki.

Doka ba ta rasa ba. Kodebuwa da Nijar suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta 1977, Najeriya kuma ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka a 2023. Sai dai mun saba jin wannan doka a matsayin sandar da ake bin masu satar fim da waƙa da ita, ba mu saba ganinta a matsayin abin da mai saye zai riƙe ya nemi haƙƙinsa ba. Bisa al’ada, mai rubutun ne ke da ikon kai ƙara in an karya GPL. Amma a 2021 ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta kai kamfanin talabijin na Vizio ƙara a California a matsayin mai saye, tana cewa alkawarin da ke cikin lasisin don mai saye aka yi shi, saboda haka yana da bakin nema.

Kafin a kai ga kotu ma akwai wasiƙa. Masu gyaran waya na Adjamé suna da yawa, haka na Farm Centre da titin Beirut a Kano, kuma su ne ke gaya wa mai saye wace waya ce ke da ƙarko. Matan Guro da ke maƙwabtaka da su ba su fi su ilimin boko ba, amma sun haɗa kai har sai da direba da manomi da hukuma suka zauna da su. In ƙungiyar masu gyara ta rubuta wa wakilin kamfani, ta ambaci samfurin wayar da sashe na uku na GPL ta 1991, ta nemi asalin rubutun ƙwayar, kamfanin da ke sayar da miliyoyin wayoyi a Afirka ta Yamma zai yi wuya ya yi biris. Na faɗa wa ɗan’uwan kawu haka a shagonsa. Ya ce, “Malam, rubuta mana da Faransanci da Turanci, bugawa kuma ka bar mini.”